Saukarka Wadata

Ajiye jakar tsakanin ƙafafunka, Tanimu,
ba gefe ba. Nan Wadata ce.
Wanda ya kira ka ɗan'uwa tun mota ba ta tsaya ba
bai san sunan babanka ba.
Ka amsa da fara'a, ka riƙe maratayin sosai.

Ni ne kawun naka, daina waige-waige.
Hoton da ke ɗakin uwarka ya fi ni gashi;
shekara ashirin da shida ina gyaran agogo a Yamai.

Kawo takardun in gani.
Katin ɗan ƙasa, da wannan rawaya ta allurar shawara.
Su kwana a aljihun ciki mai maɓalli,
lambata kuma rubuta ta a takarda,
waya takan mutu daidai lokacin da ake nemanta.
In jandarma ya tsai da kai, cire baƙin gilashi,
gaishe shi tukuna, miƙa da hannun dama.
Kada in ji ka ce: a wajenmu ba haka ake ba.
Wajenku ya tsaya a bayan Ƙonni,
nan daga kai sai halinka kaɗai.

Sai kuɗi. Zauna, wannan da labari.
Ran da na sauka, yunwa ta kai ni gun mai kopto,
ta ce dala ashirin.
Na laluba, na ba ta ƙarfen da aka rubuta ashirin da biyar,
na gyara tsayuwa ina jiran canji.
Ta dubi kuɗin, ta dube ni,
ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga ikon Allah.
Dala a nan tamma biyar ce, ɗana,
abin da idonka ya karanta ɗari, baki ashirin yake ce masa,
jaka kuwa dubu ce cif.
Mai kopton nan, Gambi,
ita za ta zuba maka tuwo yau da dare.
Kada ka tayar da zancen, har yanzu dariya take min kawai.

Tasi ba taka ba ce kai ɗaya.
Leƙa taga ka faɗi unguwa: Bukoki.
In ya gyaɗa kai, ji kuɗi, sannan ka shiga;
in ya ja motarsa bai tanka ba, ba zagi ba ne,
hanyarku ce ba ta zo daidai ba.

Na san za ka so gada da faɗuwar rana.
Kalla da ido, ido ba ya shiga hannun soja.
Gada, bariki, mai kaki a bakin aiki,
wayarka ta yi barci a aljihu.
Kogin kuma ba rafin garinku ba ne:
wancan baƙin dutse da ka ga yana lumfashi
dorina ce, ba ta san baƙo ba, ba ta san ɗan gari ba,
kuma mutum ransa ɗaya ne, ba a ara masa rai.

A fada za su ba ka shayi.
Na farko ɗaci, haɗiye, kada ka yamutsa fuska,
kada ka tashi kafin na uku.
In hira ta gangara kan masu mulki,
kurɓi naka, ka yabi mai dafawa.
Za su yi wa Hausarka dariya, yi tare da su;
ka ji sun ce lahiya, ba kai aka aiko gyara ba.
Tsohuwar ƙofar gidanmu Bazabarma ce,
ce mata fofo, ko shi kaɗai ka iya;
ta jero tambaya, amsa: bani samai.

Sauran, gidan sauro da ruwan sha, sai mun isa.
Ɗauko jakar. A'a, ba ta nan ba,
bar amalanken ya wuce. Bi ni dai.